Inda Ta Tsaya

A ofishin da ya yi aiki har gashin kansa ya zube, ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Tsaf ake ce masa, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai zalunce shi ba. Mutum ne da in ya zo gidanka gaisuwa, kafin ka kawo masa ruwa ya miƙe ya daidaita maka hoton da ya karkace a bango. Yayarsa, wadda 'ya'yansa ke kira Gwaggo, ta ce tun yana yaro haka yake: in an aike shi shago sai ya tsaya jera wa mai shagon gwangwanaye, a gida kuwa ana can ana jiran gishiri. Hali zanen dutse ne. Da abinsa ya girma, da shi kuma ya shiga sana'ar gina shafukan intanet.

Wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take a taƙaice. A saman kowane shafi akwai wani siririn layi inda adireshi yake zama. Kayan aikin da magina ke ɗora gininsu a kai suna ba su zaɓi. Ko dai duk inda mai ziyara ya taka a rubuta shi a wannan layin, a ce ga shi ya shiga ɓangaren tukwane, ya zaɓi baƙaƙe, ya gangara jeri na kaza, yadda in ya kwafi adireshin ya tura wa ɗan'uwansa shi ma zai faɗo daidai wurin. Ko kuma a bar adireshin yadda yake, shafin ya riƙe komai a kansa, in aka rufe shi ko aka sabunta shi ya manta da kai kamar bai taɓa ganinka ba. Kusan duk mai hankali hanyar farko yake bi. Tsaf kuwa, ko a mafarki.

Shi a wurinsa adireshi irin na farko ƙazanta ne tsagwaronta. Ga alamar tambaya a tsakiya ba a tambayi kowa ba, ga alamar daidai, ga ta kaso, ga wata mai kama da ƙaramin tsani, duk an cakuɗa su. In ya gani har tsigar jikinsa tashi take yi. Yakan ce, "Adireshi ai ƙofar gida ce. Kai in kana cikin gidanka, fita kake yi ka rubuta a ƙofa cewa yanzu kana banɗaki?"

Wanda yake jefa wa wannan tambayar kullum shi ne maƙwabcin teburinsa, wani mai ƙiba mai yawan dariya da Tsaf ya sa wa suna Mai Wutsiya, saboda duk shafin da ya gina adireshinsa sai ya ja wutsiyar da za ta isa a ɗaure akuya. Mai Wutsiya ba ya jin haushin sunan. Amsarsa ɗaya ce: "Mutumina, bar mutane su san inda suke. Wanda ya san inda yake zai iya komawa, zai iya kiran wani ya zo ya same shi." A kan wannan suka yi ta musu tun suna samari har suka fara rina gemu, kuma ba ranar da ba su ci abincin rana tare ba.

Babban aikin Tsaf a duniya shi ne shafin wani katafaren kanti da ke sayar da komai, daga allura har injin ban-ruwa. Dubban kaya ne a ciki, amma adireshi ɗaya tak, gajere, fes, kamar an goge shi da tsumma. Ka shiga ɓangaren fitilu, adireshin yana nan yadda yake. Ka ɓata cikin kayan gini, yana nan. In ka yi kuskure ka taɓa kibiyar komawa baya da ke can kusurwar sama, ba mataki ɗaya za ta mayar da kai ba, waje za ta cilla ka gaba ɗaya, kai da duk abin da ka zaɓa. Masu sayayya suka yi ta kawo ƙorafi. Tsaf ya ce su koyi tafiya gaba, komawa baya ba ɗabi'ar kirki ba ce.

To, Allah da ikonsa, wannan mutumin ne ya auri macen da ba ta rufe abu. Ba ta rufe durowa, ba ta rufe kwalbar mai, ba ta rufe ƙofar kabad, ko zance in ta ɗauko ba lallai ta kai shi ƙarshe ba. Sai ta ce, "Ka san abin da matar mai wanki ta ce da ni?" sannan ta tafi duba tukunya, shi ke nan an wuce wurin. Shi kuma yana biye da ita yana rufewa, yana mita, tana yi masa dariya. Waɗanda ba su san su ba sukan ce auren nan ba zai kai shekara ba. Waɗanda suka san su kuwa sun gane cewa da ba ta buɗewa, da bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. A haka suka haifi 'ya'yansu, suka aurar da manya, saura Auta, wadda ke aikin jinya a wani asibiti tana kwana a gida.

Wata ranar hutu da hantsi, matar tana zaune a teburin kicin da kwamfutar tafi-da-gidanka a gabanta, hadari ya taso. Ta miƙe ta je kwashe shanya, ta bar kwamfutar a buɗe kamar yadda take barin komai. A bakin igiyar shanyar ta yanke jiki ta faɗi. Aka kwashe ta zuwa asibiti, ta yi 'yan kwanaki ba ta san wanda ke kanta ba, sannan Allah ya karɓi abarsa.

Tsaf bai yi kuka a gaban mutane ba. Masu ta'aziyya suna shigowa yana jera musu takalma a bakin ƙofa. Da gida ya yi shiru, sai ya bi ɗaki ɗaki yana rufe abin da ta bari: durowar madubi, kwalbar turare, akwatin zare. Duk wanda ya rufe, ba mai sake buɗe shi, kuma a nan ne abin ya fara cin sa. Da ya iso kicin ya tarar da kwamfutar tana jone da caja, ya kai hannu zai rufe murfinta, yatsansa ya gogi wani maɓalli, fuskarta ta kawo haske.

Shafinsa ne, shafin kantin. A tsakiyarsa ga wani farin akwati da shi da kansa ya zana shekarun baya, ya faɗaɗa shi don ya yi kyau, har ya rufe kusan komai. A cikin akwatin an rubuta: Ka tabbata wannan kake so? A ƙasa ga Ee, ga A'a. Abin da ta zaɓa yana bayan akwatin, ba a ganin komai nasa sai wani ɗan baƙin lanƙwasa da ya leƙo ta gefe.

Ya ja kujera ya zauna. Ba wanda ya kai shi sanin halin da ake ciki, tunda shi ya haƙa ramin. Ya duba layin adireshi, ya ga abinsa gajere fes, bai ce komai ba game da inda take. Wurin da matarsa ta tsaya babu shi a rubuce ko'ina a duniya, sai a cikin kan wannan shafin da ke buɗe. In wuta ta ɗauke batir ya ƙare, ya tafi. In wani ya sabunta shafin, ya tafi. In aka latsa A'a, shafin zai share komai ya koma ƙofar shiga ya ce barka da zuwa.

Auta ta dawo daga aiki ta same shi a nan. Da ta ji bayani ta ce, "To Baba, ka latsa Ee mana. Su kawo kayan, mu ga abin da Mama ta so."

"Ba ni aka tambaya ba," in ji shi.

"Baba, shafi ne fa."

"Na san shafi ne, ni na gina shi. Ita ya tambaya, kuma ba ta amsa ba tukuna."

Auta ta ƙyale shi. Ta ɗauka abin kwana biyu ne, irin na wanda aka yi wa rasuwa. Ashe ba ta san ubanta ba.

Kafin a ce haka ya kafa wa gidan dokoki. Ya hana kwamfutar barci. Ya raba ta da intanet, don kada ta ga dama ta sabunta kanta ba da izini ba. Ya naɗe kan cajar da salatif a jikin soket, ya kife kwandon wanke-wanke a kan maɓallan, ya zagaye teburin da alli. Kyanwar gidan, wadda ta saba kwanciya a kan duk abin da ke da ɗumi, aka kai ta gidan babbar 'yarsa ba tare da an ji ta bakinta ba. Cin abinci ya koma falo, kowa da faranti a cinya. In za a soya wani abu sai an rufa wa kwamfutar lema saboda fantsamar mai.

Gwaggo ta zo da niyyar ta yi mako guda ta dawo da ƙaninta cikin hayyacinsa. Ta tsaya a bakin layin alli, hannu a ƙugu, ta ce, "Kai, wannan abin da kake yi ko a gidan mahaukata sai an kafa maka kujera. Mace ta tafi, Allah ya jiƙanta, ka zo ka tsare talabijin?"

"Ba talabijin ba ce, Yaya."

"Ko ma mece ce. Matsa in gani."

Ta sa tabarau, ta leƙa ɗan baƙin lanƙwasan nan, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Kaskon suya ne. Na sha gaya mata nata ya mutu."

Auta ta ce ina, madubi ne mai baƙin baki, ai Mama ta yi mata alkawarin madubi. Babbar 'yar da aka kira a waya ta ce agogon bango ne, ba ta ko gani ba. Surukinsa ya ce hula ce. Kowa ya ja abin zuwa wajensa, har Gwaggo da Auta suka yi yini guda ba sa magana a kan kasko da madubi. Makon Gwaggo ya zama wata, watan ya haifi wani. Ita da ta zo rushe doka, sai ga ta tana korar baƙi daga bakin layin alli da muciya.

Ranar da aka fi shan kallo ita ce ranar da wutar unguwa ta lalace, aka ce gyara sai yamma. Tsaf ya ga batir yana sauka, ido ya raina fata. Ya cire salatif, ya tallabi kwamfutar a buɗe da hannu biyu kamar mai ɗauke da faifan ƙwai, ya fito titi. Gwaggo tana gaba tana cewa a kauce, Auta tana baya da lema. Motoci suka tsaya. Wani mai sayar da jarida ya cire hula ya sunkuyar da kai, ya ɗauka wani abin girmamawa ne ake wucewa da shi. A haka suka isa shagon mai aski, wanda yake da janareta.

Mai askin ya ce soket ɗinsa na masu aski ne, doka ce, don in ya sake, unguwa duka za ta kawo masa waya. Tsaf ya zauna a kujera ya ce a yi masa aski. Mai askin ya dubi kan, ya ga babu abin da ya rage sai 'yan tsiraru a bayan kunne, ya kwashe su. Wuta ba ta dawo ba. Tsaf ya ce a sake. Aka sake bin kan da aska. Aka gyara gemu, aka rage shi, aka ƙara ragewa, aka sauke shi gaba ɗaya. Da aka zo kan gira mai askin ya ce shi kam yana tsoron Allah, ya ajiye almakashi ya bar masa soket ɗin. Tsaf ya koma gida da yamma fuska sumul kamar jariri, kwamfutarsa na numfashi.

Abin dariya ne, kuma unguwa ta yi dariyarta har ta gode Allah. Amma Auta, da take ganinsa kullum da safe, ba ta yi ba. Yakan shigo kicin, ya ɗaga kwandon, ya dubi tambayar, ya ce, "Har yanzu dai ba ki yanke shawara ba?" Sannan ya mayar da kwandon ya dafa shayinsa. Muddin akwatin nan yana tambaya, a wurinsa matarsa ta je kwashe shanya ne, yanzu za ta dawo ta ƙarasa. Kewarta yake yi, irin kewar da ba ta da wurin zama, sai ya samo mata teburin kicin.

Ana cikin haka lokacin ajiye aikinsa ya yi. Ko kujerarsa ba ta huce ba masu kantin suka ce a rushe shafinsa a gina sabo, kuma Mai Wutsiya suka ba aikin. Sabon shafi ya fito da adireshi mai wutsiya har ƙasa, masu sayayya suka yi ta sa albarka. Daga ranar, ko an latsa Ee babu inda saƙon zai je. Shafin Tsaf ya ƙare a duniya kaf, in ban da kwafi ɗaya da ke ƙarƙashin kwandon wanke-wanke. Mai Wutsiya ya zo har gida don ya faɗa masa da bakinsa. Tsaf ya ce ya ji, ya kuma nuna masa cewa maɓallin rigarsa na sama ba a raminsa yake ba.

Abin da ya kawo ƙarshen zaman shi ne batir. Kwamfutar da ba ta taɓa hutawa ba ta fara kumbura ta ƙasa, har ta daina zama daidai a kan tebur, tana rawa in an taɓa. Wani ɗan wari kuma ya fara tashi. Auta ta kira mai gyaran kwamfuta. Mutumin ya tsugunna a wajen layin alli, ya leƙa, ya shinshina, ya ja da baya.

"Baba, wannan ai ciki ne da ita, kuma haihuwarta ba alheri ba ce. Ko ku cire ta daga wuta yau, ko ta tashi da kicin ɗin nan."

"A canja batirin tana kunne."

"Ni dai ban iya ba. Wanda ya iya kuma, ina jin yana lahira."

"In an cire cajar, za ta kai yaushe?"

Mai gyaran ya karkata kai. "Ka dafa shayi, amma kada ka sa ran shan sa a gabanta."

Tsaf ya ce to kicin ɗin ya tashi. Mai gyaran ya kama gabansa. A nan Auta ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗaga wa ubanta murya. Ta ce ta rasa uwa, ba za ta rasa uba a kan kasko ba. Gwaggo ta ce ato, ashe dai an yarda kasko ne. Auta ta fashe da kuka, ta fita tsakar gida ta kira Mai Wutsiya a waya, ta ce, "Kawu, ka zo, abokinka zai ƙone mu."

Mai Wutsiya ya iso yana haki. Ya tsallake layin alli ba tare da ya nemi izini ba, ya ja kujera kusa da Tsaf.

"Mutumina, ni da kai mun san akwatin nan ba bango ba ne. Maɓalli biyu zan taɓa in shiga bayan shafin in ɗage shi, ba Ee ba A'a. Kai ma ka iya, tun ranar farko ka iya."

"Na iya."

"To me ya hana?"

Tsaf ya daɗe yana kallon kwandon. Ya ce, "In na gani, ta gama zaɓe ke nan."

Warin nan yana ƙaruwa. Can Tsaf ya miƙe da kansa, ya warware salatif, ya zare cajar, ya naɗe wayarta tsaf ya ajiye. Ya ɗauke kwandon. Ya ce, "Ɗage."

Mai Wutsiya ya taɓa abin da zai taɓa, farin akwatin ya ɓace. Duka huɗun suka kai kawunansu gaba har suna karo.

Tayar baro ce. Baƙa, guda ɗaya, irin ta baron da leburori ke tura yashi.

Gwaggo ta cire tabarau ta goge ta mayar. "Kuna da baro ne a gidan nan?"

"Ba mu da shi," in ji Auta.

"Ko tana da niyyar saye?"

"Sai ta fara da taya?"

Tsaf yana tsaye kamar an dasa shi. Wata da watanni yana gadin tayar baro, ya ba da gemunsa a kanta. Ya fara lalubo mata dalili, yana cewa wataƙila lambu ta so ta yi, wataƙila maƙwabta ne suka roƙe ta. Auta ta share hawaye ta kama hannunsa.

"Baba, ɓata ta yi. Kowa ɓata yake yi a shafinka. Ni ma na taɓa shiga neman zanin gado na fito a wajen famfo. Mama ba ta son ta gaya maka ne. In ta shiga ta rasa hanya, sai ta bar shi a buɗe ta tafi kantin da ƙafa."

Ya dubi Mai Wutsiya ko zai ƙaryata. Mai Wutsiya ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. A kusurwar kwamfutar alamar batir ta koma ja.

Abin da ya tsaya wa Tsaf a rai ba kunya ba ce. Tunanin matarsa ne zaune a nan ita kaɗai, tana latsa nan tana latsa can cikin gidan da ya gina ba taga ba alama, hadari yana tasowa, kuma yana ɗaki na kusa ba ta kira shi ba don kada ransa ya ɓaci. Watannin nan duka ya ɗauka wurinta yake tsarewa, ashe a inda ta maƙale ya tsare ta.

"Bari in fitar da ita," in ji shi.

Ya kai yatsa kan kibiyar komawa baya, wadda ya yi rayuwarsa yana hana mutane taɓawa, ya latsa. Shafinsa ya tafi, tafiyar da ba dawowa. Kibiyar ta cilla su waje, zuwa inda take kafin ta shigo kantin, wato shafin bincike. Da yake babu intanet, shafin bai buɗe ba, fari fat ya tsaya. Amma layin sama ya cika maƙil da adireshi irin wanda Tsaf ya tsana, da alamar tambayarsa da ta daidai da tarkacensa. A tsakiyar tarkacen kuwa ga abin da ta rubuta da hannunta, kalma kalma, da alamar tarawa a tsakaninsu.

Mai Wutsiya ne ya karanta a hankali: "takalmin, namiji, mai, ƙafar, hagu, ta fi, ta dama, girma."

Auta ta ɗaga waya ta ɗauki hoton layin. Sannan duk suka dubi ƙasa, wajen ƙafafun Tsaf.

Wannan shi ne sirrin da ya ɗauka zai shiga kabari da shi. Mutumin da ba ya iya zama ɗaki ɗaya da karkataccen hoto, ƙafafunsa ba daidai suke ba. Tun yana saurayi yake sayen takalmi daidai da ta hagu, ya cusa auduga a bakin na dama. Bai taɓa cire safa a gaban kowa ba, har matarsa.

"Wa ya gaya mata?" in ji Tsaf.

Gwaggo ta ce, "Kai, tafi can. Ni na yi maka wanka kana jariri, kuma ban gaya wa kowa ba. Mace ta zauna da kai shekara da shekaru, sai an gaya mata?"

"Baba," in ji Auta a hankali, "wa kake zaton yake canja maka audugar?"

"Ba a canja ta. Tun da na sa ta take nan."

"Auduga ce fa, Baba. Duk ranar wanki Mama take cire tsohuwar ta sa sabuwa, in ka shiga wanka. Ta ce kada mu kuskura mu nuna mun sani."

Ya zauna. Ya kwance igiyar takalmin dama a gabansu duka, ya cire shi, ya zura yatsu ciki. Abin da ya fito ɗan curi ne da ya daskare ya yi baƙi, ya lallatse kamar fatar ganga. Watannin nan yana jin takalmin yana yi masa kwal-kwal in yana tafiya, ya ɗauka ramewa ya yi.

Fuskar kwamfutar ta yi duhu a bayansa, fankarta ta yi shiru. Mai Wutsiya ne kaɗai ya lura, ya sa hannu ya rufe murfin a hankali, ya ɗauke ta ya fitar tsakar gida.

Tsaf yana nan zaune, takalmi a cinya, curin audugar a tafin hannunsa, hawaye yana bin fuskarsa bai share ba. Ya ɗago ya dubi 'yarsa.

"A ina take ajiye audugar?"

Auta ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi kabad ɗin kicin da durowoyinsa, duk a rufe ruf. Babu wanda ya sani.